Soket Ɗin Bayan Murhun Darka

Verba, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Orysia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti da wannan kyanwar taki mai raina mutane. Ni dai da sauƙi. Ƙugun da na buga ya daina ciwo sai in zan tashi daga kujera, sukari kuma yana nan inda likita ya bar shi. Kunne ne ya ƙara tafiya, shi ya sa na koma takarda. Ranar da kika kira ni a waya na yi ta cewa "to, to", amma ban ji komai ba sai sunana.

Na san kin ji labarin faɗuwar da na yi a rumbu, don Myron ya baza shi ko'ina, har da ƙari. Ɗana ne, ba zan zage shi ba. Amma ya taso daga Calgary da maganar gidan tsofaffi a bakinsa tun kafin ya cire takalmi. Wai akwai wani mai kyau a can wajenku, ana yi wa mutum wanka, ana buga kati da yamma. Na ce masa na iya wanka tun kafin a haife shi.

Mun yi ta ja har muka tsaya a kan magana ɗaya. In akwai wani na jini da zai riƙa zuwa sau biyu a wata duk tsawon hunturu, ya duba ƙafafuna da magunguna, ya ga ko ina cin abinci, zai bar ni a gonata. In babu, bayan Kirsimeti in tattara. Na san dalilin da ya sa ya yarda. Ya duba dangi ya ga duk sun watse, shi kuma aikinsa ba zai bar shi ba. Ya manta da ke, ko kuwa a ganinsa jikar baffana ta yi nisa. Ni ban manta da yarinyar da take zuwa mana hutun makaranta tana satar pirogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu dankali a ciki, daga tukunyar matata Darka ba.

Ba roƙonki nake yi ba. To, roƙonki nake yi. A gidan nan aka haife ni, a nan Darka ta rasu a watan Maris, kuma ba na son in mutu a ɗakin da taga ba ta buɗewa.

Sai dai maƙwabciyata Elsie ta ce kin sayi mota marar inji, mai tafiya shiru kamar ɓarawo. Da gaske ne? Za ta iya hanyarmu?

Kawunki,
Wasyl

Saskatoon, 17 ga Oktoba

Kawu Wasyl,

Na sami wasiƙarka, na gode Allah da ƙugu ya yi sauƙi. Ina lafiya, kyanwa ma tana gaishe ka, ko da yake ba ta ɗago kai ba. Ka daina hawa tsani kai kaɗai, wannan nas ce take magana, ba 'yarka ba.

Zan zo. Ka gaya wa Myron ya riƙe katinsa ya buga da abokansa. Haba Kawu, har sai ka roƙe ni? Lokacin da babana ya tafi ya bar mu, wa ya zo da tsohuwar akori-kura ya ɗauke ni da Mama? Ni ban san wani nisa ba.

Maganar mota gaskiya ce, kuma ina sonta fiye da yadda ya kamata a so ƙarfe. Da yamma in na dawo sai in jona ta a gareji, da safe in tarar ta cika. Rabona da tsayawa a gidan mai ina rawar sanyi tun bara. Ina shan shayi nake kunna mata ɗumi ta waya, kafin in sauko kujera ta yi zafi. Da bazara mun je har duwatsu da ita, ni da ƙawata Jolene. Duk inda muka tsaya caji sai mun yi sabbin abokai, don masu irin wannan motar ba sa iya yin shiru. Wata tsohuwa ta riƙe mu tana ba mu labarin jikokinta har motarta ta cika ta manta.

Amma ga inda take da rauni, gara in faɗa maka tun yanzu. Sanyi yana cin batirinta, tafiyar da take yi da bazara kusan rabinta take yi in ƙanƙara ta sauka. Wurin caji na ƙarshe a hanyarku shi ne na Halbrook, bayan kantin manoma. Daga can zuwa gona zan iso lafiya, amma zuwa da dawowa a caji ɗaya cikin tsananin sanyi, ban yarda da ita ba. Akwai inda zan jona ta a gida ta kwana tana sha?

Ka ajiye mini zumar bana.

'Yarka,
Orysia

Verba, 26 ga Oktoba

'Yata Orysia,

Muna lafiya, ni da kare. Ƙanƙarar farko ta sauka shekaranjiya, ba ta kwana ba.

Wasiƙarki ta sa ni kuka a farko, ta sa ni dariya a ƙarshe. Wai akwai inda za ki jona mota? Yarinya, mu nan muna jona mota a wuta tun uwarki tana 'yan mata! Kin manta turken ƙofar gida mai soket a jiki? Duk hunturu a nan nake ɗaure akori-kurata ta kwana injinta yana ɗumi, da safe murɗa ɗaya ta tashi. Kowane gida a Verba yana da irinsa, har ƙofar coci akwai jeri guda. Mutanen birni sun ɗauka su suka ƙirƙiro abin, alhali mun riga su da shekara hamsin.

Na faɗi haka a wurin shan kofi ranar Asabar, kowa ya ce gaskiya ne. Ki zo kawai. Zan matsar da tawa in ba baƙuwa turke.

Na rubuta wa Myron na ce an sami mai zuwa. Da ma na ga fuskarsa lokacin da ya karanta.

Kawunki,
Wasyl

Verba, 22 ga Nuwamba

'Yata,

Ina fata kin isa lafiya, kuma yatsun ƙafarki sun dawo hayyacinsu. Ni lafiyata ƙalau, kunya ce kawai ta hana ni sakewa. Bari in rubuta abin yadda ya faru, don a wurin shan kofi an riga an ƙara masa gishiri, har an ce da doki aka ja ki.

Laifina ne daga farko har ƙarshe. Da kika iso ranar Juma'a kika ce ba ki tsaya ta cika a Halbrook ba, saboda wata mata da jarirai biyu tana jiran layi a bayanki, kuma Kawu ya ce akwai wuta a gida, ni har ƙirji na buga. Kika kalli turken, kika kalle ni, kika ce, "Kawu, wannan ne?" Na ce shi ne mana, me ya yi? Kika ce, "Ƙarami ne, amma bari mu gani, kwana biyu gare mu."

Abin da na manta shi ne ɗan agogon da Darka ta sa a jikin soket ɗin tun da daɗewa, mai kunna wuta da asuba ya kashe da hantsi, don kada mita ta yi ta gudu a banza. Akori-kurata ba ta taɓa ƙorafi ba, ɗumi kawai take so. Sai da muka ɓata yini da kwana kafin ki gano shi a ƙarƙashin ƙanƙara. Ko da muka cire shi ma, kin nuna mini cewa ɗan abin da yake shiga batirin yana ƙone shi ne wajen ɗumama kansa. Ni da na ɗauka wuta wuta ce.

Ba zan manta fitarmu ta Litinin ba. Ke a gaba kin kashe ɗumi, kin sa hulata ta gashi da bargo biyu, kina tafiya kamar mai rakiyar gawa, ni a baya da akori-kura ina kunna fitilu. Mijin Elsie ya tsaya a bakin shingensa ya cire hula. Na ga kin yi dariya a lokacin, amma a Halbrook da kika fito leɓɓanki sun yi shuɗi, kuma na san kin rasa aikin safiyar nan, marasa lafiyarki suna jira.

Ƙafafuna da kika duba suna nan yadda kika ce in yi da su. Miyar da kika bari na ci ta kwana uku. Gidan ya yi surutu da kina nan, yanzu ya koma yadda yake.

Ki yafe wa tsoho mai baki.

Kawunki,
Wasyl

Saskatoon, 25 ga Nuwamba

Kawu,

Na iso lafiya. Aiki ya yi mini yawa, ina rama wa wadda ta tsaya mini. Kada ka jira ni farkon Disamba, kuma wannan motar ba za ta sake zuwa gona a haka ba. Ka sha magani. Zan rubuta.

Orysia

Verba, 6 ga Disamba

Orysia,

Ina fata kina lafiya. Ni ina nan. Iska ta rufe hanya kwana biyu, an buɗe jiya.

Katinki ya iso, na karanta shi ya fi a ƙirga, ko zan sami wani layi a baya. Kin ce za ki rubuta, kullum ina taka ƙanƙara zuwa akwatin wasiƙu, ba komai sai tallan taya. Na gane. Ba na jin haushinki. Ke yarinya ce mai aikinki, na ja ki cikin daji na kusa daskarar da ke saboda taurin kaina. Ko ni ne ba zan dawo ba.

Myron ya kira. Elsie ce ta riƙe wayar tana maimaita mini da ƙarfi, don haka duk abin da ya faɗa sau biyu na ji shi, na biyun da muryar mace. Ya ce, "Baba, ka gani ko? Zuwa ɗaya, an kusa kwasar gawa." Na ce mota ce ba ta sami abincinta ba. Ya ce, "Ai ba za ta samu ba. Na tambayi masu irinta a ofis. Soket ɗaya ne a duk gonar nan mai ƙarfin cika ta, shi ne na bayan murhun lantarkin Mama a kicin ɗin waje. Kai kuwa ko ƙofar ba ka iya buɗewa."

Elsie ta kai rabin maganar ta tsaya. Na ce ta ƙarasa, ta ƙarasa tana kallon ƙasa.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Murhun cikin gida na gas ne, injin walda kuma na sayar tun da na ba da hayar gona. Saura na Darka. Kin san ɗakin nan, nan take yini duk bazara tana dafa tumatir da kokwamba tana cika kwalabe. Rana ta ƙarshe da ta shiga ta bar tawul a hannun murhun, ta ce za ta dawo ta goge. Na kulle ƙofar bayan jana'iza. Ba wanda zai taɓa mata murhu, ko Myron, ko mota, ko ni.

Na fara sa kaya a kwali. Ban san mutum yana tara cokula haka ba. Kare ne ban san yadda zan yi da shi ba, an ce can ba sa karɓa.

In kin sami hali ki zo ganina a gidan tsofaffin, ai kusa da ke ne, ko caji ba kya buƙata.

Wasyl

Saskatoon, 13 ga Disamba

Kawuna,

Ka fitar da cokulan nan daga kwali yanzu, kafin ka ƙarasa karanta wannan.

Lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai. Tun da na dawo nake haɗa aiki biyu, in na shigo gida ko takalmi ba na cirewa. Katin nan a tsaye na rubuta shi a bakin lif, ban san zai zauna maka a ƙirji haka ba. Na ce motar ba za ta zo a haka ba, ina na ce ni ba zan zo ba? Kai da ka koya mini karatu a kan teburin cin abinci, yau ka karanta ni da idon fushi. Wasiƙarka ta sa na zauna a matakala na yi kuka har maƙwabcina ya fito ya tambaya wa ya mutu.

Maganar soket ɗin Inna Darka, na riga Myron sani. Ranar Asabar ɗin nan da kake barcin rana na zaga bayan gida, na share ƙanƙarar taga na leƙa. Na ga murhun, na san abin da ke bayansa, irin bakin da igiyar cajina take shiga ne daidai. Na ga tawul ɗin ma. Sai na koma na ci gaba da fama da turke. Ban tambaye ka ba, kuma ba zan tambaya ba. A kan murhun nan ta koya mini naɗe pirogi, tana buge mini hannu in na cika dankali. Myron bai kyauta ba da ya jefe ka da wannan, zan gaya masa da bakina.

Ga abin da na yanke. Jiya na je wurin masu sayar da motoci, za su karɓi tawa su ba ni mai shan mai. Mutumin ya yi ta zaga ta yana cewa, "Tabbas kina so? Masu irin wannan ba sa komawa baya." Na ce masa ina da kawu. Ba zan ɓoye maka ba, da na fito na zauna a cikinta na daɗe ban tayar ba. Amma mota ce. An ce in kawo ta bayan sabuwar shekara, kafin jajibirin Kirsimetinmu na tsohuwar kalanda, shida ga Janairu, don haka da sabuwar zan zo. Kafin nan Jolene za ta ara mini tata ranar sha bakwai.

Ka gaya wa kare ba inda za shi.

'Yarka,
Orysia

Verba, 21 ga Disamba

'Yata Orysia,

Lafiya lau, ƙafa lau. Na gode da zuwanki ranar Asabar, ko da yake motar Jolene tana wari kamar gidan mai, kare ma ya ƙi shinshina ta.

Akwai abin da ban faɗa miki ba da kina nan, don in na faɗa da baki ba zan kai ƙarshe ba. Kada ki kai motarki ko'ina. Ki kira mutumin nan ki ce kawun ya warke.

Bayan tafiyarki na zauna ina tunanin abin da kika rubuta, cewa kin leƙa kin gani kin yi shiru. Kin sha sanyin da ya kusa cire miki yatsu, da maganin a bayan taga, ba ki ce uffan ba. Sai na tambayi kaina abin da Darka za ta ce. Ban sha wahalar nema ba, don har muryarta na ji, ni da ba na jin ta masu rai. Cewa za ta yi, "Wasyl, kai wane irin mutum ne? Yarinya a waje cikin sanyi, kai kana gadin tawul?"

Jiya da hantsi na ɗauki makulli. Ya ƙi juyawa, sai da na hura masa numfashi. Ɗakin yana nan da ƙanshinta, ganyen dil da tafarnuwa. Kwalaben bara suna jere, ta rubuta sunan kowace da hannunta. Na zauna a kan benci na yi abin da ban yi ba a jana'iza, ba na jin kunyar faɗa miki. Da na gama na ɗauki tawul ɗin na goge murhun, tunda abin da ta ce za ta dawo ta yi ke nan.

Daga nan na kira mijin Elsie muka ja murhun gaba. Ya miƙa hannu zai cire filoginsa daga soket, na ce a'a, bar mini. Da hannuna na zare shi. 'Yar Elsie mai aikin wuta ta zo ta duba, ta canza wani abu a akwatin bango, ta ce zai ɗauki motarki har da ƙanwarta. Na auna da igiyar shanya, in kin tsaya kusa da bishiyar tuffa igiyarki za ta kai ta taga.

Matsala ɗaya ce, baki ɗaya ne, masu ci biyu. Jajibirin Kirsimeti abinci kala goma sha biyu ne, murhun gas ba zai iya shi kaɗai ba, bai taɓa iyawa ba. Don haka za su yi karɓa-karɓa, murhu da rana, mota in an gama. Ki zo da wuri ki taya ni, ban san yawan zumar da ake sa wa kutiya, dafaffiyar alkamar bikin, ba. Myron ma ya ce zai zo, ina jin da niyyar kwasar kaya.

Kawunki,
Wasyl

Saskatoon, 10 ga Janairu

Kawu,

Na iso lafiya, kuma ka ji da kyau: ban tsaya a Halbrook don dole ba, na tsaya ne don ina son kofi. Da na tashi daga gona motar a cike take, kujera da zafinta, sanyin da ya fi na Nuwamba bai hana ta komai ba. Na wuce mijin Elsie a bakin shinge, na danna masa oda, ya ɗaga hannu biyu sama.

Ina rubuto maka ne saboda akwai abin da aka faɗa a gabanka ba ka ji ba, kuma na san ɗanka, ba zai maimaita ba.

Ka tuna da Myron ya iso da yamma, muna kicin ɗin waje, tagogi sun yi gumi, kana dama alkamar kutiya kana gardama da ni a kan zuma? Ka juya wa ƙofa baya. Ya daɗe a tsaye a wurin da jaka a hannu, ƙanƙara tana narkewa a kafaɗarsa. Na ce, "Shigo mana, kana sako mana sanyi." Ya ce, "Wa ya buɗe?" Na nuna ka da cokali. Ya ce, "Shi da kansa?" Na ce da kansa, har murhu ya goge.

Na so in yi masa faɗan da na yi alkawari, amma da na ga fuskarsa sai na fasa. Ya matso kusa da ni ya ce, "Orysia, ba faɗuwar rumbu ce ta tsorata ni ba. Kowa yana faɗuwa. Ƙofar nan ce. Duk zuwan da na yi sai in ga ya zaga ta nesa kamar akwai rami, na ce mutumin nan binne kansa yake yi a tsaye." Daga nan ka juyo ka gan shi, ka ce, "Ka zo? To riƙe wannan, hannuna ya gaji," ka miƙa masa muciya. Ya ajiye jaka ya karɓa.

Sauran ka gani da idonka. Farantin da muka ajiye wa Inna Darka a gefenka, da kyandir a taga. Da ka jefa kutiya cokali guda sama, yadda aka saba duk shekara, ta manne a silin, kai ka ce shekara za ta yi kyau, Myron ya ce zuma ce ta yi yawa. Ku biyun kuna da gaskiya.

Bayan an ci an sha, shi ya ce in ba shi igiyar. Ya zare murhu ya jona mota, ya tsaya a taga yana kallon ɗan koren hasken yana ƙiftawa. Ya tambaye ni tafiyar da take yi da bazara, da yadda take a hawan dutse, har da ko tana jan tirela. Ka sa ido, ina jin an kama wani. Da safe kuma na gan shi yana fitar da kwalayen da ya zo da su daga but ɗin motarsa, ya kai rumbu ya ce za su yi amfani wajen ajiye dankali.

Ban tambaye shi maganar gidan tsofaffi ba, shi ma bai tayar ba. Zan zo ranar ashirin da ɗaya. Ka rage gishiri.

'Yarka,
Orysia

Verba, 16 ga Janairu

'Yata,

Muna lafiya, ni da kare da sauran pirogi. Na karanta wasiƙarki a kicin ɗin waje, can nake shan shayin safe yanzu, rana ta fi shiga.

Myron ya rubuto, layi uku, ya gaji uwarsa wajen rowar magana. Ya ce in gyara matakalar rumbu, in daina hawa tsani, kuma zai zo da yara hutun bazara su koyi cika kwalabe. Gidan tsofaffi ko sunansa babu. Na mayar da cokula aljihun tebur.

Abu ɗaya ya dame ni a zuwanki, tagar da muka bari a buɗe don igiya, muna cusa tsumma a gefe. Wannan aikin baƙo ne na kwana ɗaya. Jiya na ɗauko zarto na yanka ƙofa a katakon tagar daidai kaurin igiyarki, na goge, na shafa mai, na yi mata ɗan marfi. Elsie ta ce in motar ta tsufa kika sayi wata mai igiya daban fa? Na ce sai in faɗaɗa.

Kin san ni, ba na sa zarto a jikin gidan nan don abin da ba zai daɗe ba.

Na share ƙanƙarar gindin tuffa. Wurinki yana nan.

Kawunki,
Wasyl